Tarihin Antoine Lavoisier: Mai karɓar harajin da ya auna zafin wuta da ƙanƙara

Ranar 8 ga watan Mayu na shekarar 1794, kotun juyin juya halin Faransa ta yanke wa mutum 28 hukuncin kisa a birnin Paris. Dukkansu tsofaffin manyan masu karɓar harajin sarki ne. Ba a bari sun kwana ba, a ranar aka ɗebe su cikin amalanke zuwa babban dandalin da yau ake kira Place de la Concorde, aka sare kawunansu da giyotin ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu a layi shi ne Antoine-Laurent Lavoisier, mai shekara 50, wanda aka sare kan surukinsa a gaban idonsa kafin a zo kansa.

Duk wanda ya zauna ajin kimiyyar sinadarai a kolej, a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, ya taɓa jin wannan suna. Da shi ake danganta dokar nan da ke nuna cewa idan sinadarai suka haɗu suka rikiɗa, nauyin abin da ya fito daidai yake da nauyin abin da ya shiga. Amma akwai wani aikinsa da ba a cika tsayawa a kai ba a lakwal, alhali shi ya fi taɓa rayuwar yau da kullum. Lavoisier na cikin mutanen farko da suka auna yawan zafin da ke fita daga wuta, da kuma wanda ke fita daga jikin mai rai, suka kuma nuna cewa tushensu ɗaya ne.

Yaron da aka tanada wa aikin lauya

An haife shi a Paris ranar 26 ga Agusta 1743, a gidan masu hali. Mahaifinsa lauya ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara biyar, ta bar masa dukiya mai yawa, ya taso a hannun kakarsa da ƙanwar mahaifiyarsa. Ya yi karatu a kwalejin Mazarin, ɗaya daga cikin makarantun da suka fi suna a birnin, sannan ya bi sahun mahaifinsa ya karanci shari'a, ya samu takardar shaidar zama lauya a 1764.

Sai dai zuciyarsa ba ta kotu. Tun yana ɗalibi yake zuwa sauraren darussan sinadarai na wani malami mai suna Rouelle, yana kuma bin masanin duwatsu Jean-Étienne Guettard yawon nazarin ƙasa da ma'adinai a yankunan Faransa. A 1766 ya shiga wata gasa kan hanyar da ta fi dacewa a haskaka titunan Paris da dare, aikinsa ya jawo masa lambar zinariya daga sarki. Shekara biyu bayan haka, a 1768, aka shigar da shi Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa tun bai cika shekara 25 ba.

Halinsa na aiki ya bayyana tun a lokacin. Masana da yawa sun yi imani cewa idan aka daɗe ana tafasa ruwa, wani sashensa yakan koma ƙasa, domin suna ganin ɗan gari yana kwanciya a gindin kwalba. Lavoisier ya auna kwalba, ya auna ruwa, ya toshe bakinta, ya bar ruwan kan wuta har kwana 101. Da ya sake aunawa sai ya tarar ruwan bai ragu ba, kwalbar ce ta ragu. Garin da ake gani daga jikin gilashin ya fito. Tun daga nan sikeli ya zama alƙalinsa a kowace gardama.

Kuɗin haraji da auren Marie-Anne

A wannan shekara ta 1768 ya ɗauki matakin da ya zama ajalinsa bayan shekara 26. Ya zuba dukiyarsa a Ferme générale, wani kamfanin attajirai da ke sayen izinin karɓar haraji daga hannun sarki. Kamfanin yakan yi alƙawarin ba baitulmali wani adadi na kuɗi, shi kuma ya bi jama'a ya karɓi harajin gishiri da na taba da kuɗin duwan na kayan da ke shiga Paris. Abin da ya haura adadin nan ribarsa ce. A wasu yankuna dole ne kowane gida ya sayi gishiri gwargwadon abin da aka ƙayyade masa, a farashin da aka yanka, kuma dogaran kamfanin na da ikon kutsawa gidaje neman gishirin sumoga. Da wuya a samu wata hukuma da talakan Faransa ya tsana kamar wannan.

Ta nan ya san Jacques Paulze, ɗaya daga cikin manyan kamfanin. Wani mai sarauta da ya kai shekara 50 ya matsa yana neman auren ƴar Paulze, Marie-Anne, uban kuma ba ya so. Don ya toshe wannan ƙofa sai ya aurar da ita ga Lavoisier a ƙarshen 1771, tana da shekara 13, shi yana da 28. Ba su samu haihuwa ba. Da ta girma ta zama abokiyar aikinsa ta haƙiƙa. Ta koyi Turancin Ingilishi, wanda shi bai iya sosai ba, tana fassara masa rubuce-rubucen masanan Ingila. Ita ke rubuta sakamakon gwaje-gwaje a littafi yayin da ake yin su, ita kuma ta zana hotunan kayan aiki 13 da ke cikin babban littafinsa.

A 1775 gwamnati ta naɗa shi cikin masu kula da sarrafa albarushi, ya tare a gidan ajiyar makamai na Paris, inda ya gina ɗakin gwaje-gwajen da ba a cika samun irinsa ba a Turai. Da kuɗin haraji ya sa maƙera suka ƙera masa sikeli masu auna abin da bai kai ƙwayar gero ba. Da sassafe da kuma dare yake aikin kimiyya, tsakiyar yini na ofis ne, sannan ya keɓe yini guda cur a kowane mako don gwaje-gwaje. Albarushin Faransa ya inganta a hannunsa, har aka aika wa Amurkawa da ke yaƙin ƙwatar ƴanci daga Ingila.

Me ke faruwa idan abu ya ci wuta?

A zamanin, bayanin da masana suka yarda da shi kan wuta na wani Bajamushe ne, Georg Stahl. A cewarsa, duk abin da ke cin wuta yana ɗauke da wani sinadari mai suna filojiston, kuma ƙonewa ba komai ba ce illa ficewar wannan sinadari. A ido abin ya yi daidai: an sa itace mai nauyi a murhu, an kwashe toka marar nauyi.

A 1772 Lavoisier ya ƙona farar wuta da fosfor, ya tara abin da suka zama, ya auna. Nauyi ya ƙaru maimakon ya ragu. Ya rubuta abin da ya gani a takarda, ya liƙe ta, ya ajiye a Majalisar Masana a farkon Nuwamba na shekarar, don kada wani ya riga shi. Abin da ya fahimta shi ne, mai cin wuta yana ɗaukar wani abu ne daga iska.

A watan Oktoba 1774 Baturen Ingila Joseph Priestley ya ziyarci Paris, ya ci abinci a gidan Lavoisier, ya ba da labarin wata iska da ya samu daga jan garin zaiba, wadda kyandir ke ci da ƙarfi a cikinta. Lavoisier ya bi wannan sawu. Ya ɗora zaiba kan wuta a cikin rufaffen gilashi har kwana 12, jan gari ya taru a samanta, iskar da ke ciki ta ragu, ragowar kuma ba ta riƙe wuta, ba ta rayar da dabba. Da ya ƙara wa jan garin wuta sai iskar da ta ɓace ta dawo. Shi ya raɗa mata suna oksijin. Priestley bai taɓa yarda da fassararsa ba har ya mutu, kuma an daɗe ana zargin Lavoisier da ƙin yaba wa waɗanda ya ci moriyar aikinsu.

An gane ke nan cewa ƙonewa haɗuwa ce da oksijin. Amma saura babbar tambaya. Zafin da ke fitowa fa, daga ina yake, kuma nawa ne yawansa? Sikeli ba ya kama zafi. Ma'aunin zafi kuma yana nuna yadda abu ya yi zafi ne kawai, ba ya faɗin yawan zafin da ya shiga ko ya fita.

Zafin da ke ɓuya

Mabuɗin amsar ya fito daga birnin Glasgow na Sikotilan, wajen wani likita kuma malamin jami'a, Joseph Black. Wajen 1761 Black ya lura da abin da kowa ke gani amma ba a tsaya a kansa ba. Idan aka ajiye ƙanƙara a ɗaki mai ɗumi tana shan zafi ba tsayawa, amma ma'auni na nan a digiri sifili har sai gutsuren ƙarshe ya narke. Haka ruwan da ke tafasa: kome yawan itacen da aka tura ƙarƙashin tukunya, ba ya wuce wajen digiri 100, sai dai ya ƙara saurin zama tururi. Zafin da ke shiga yana tafiya ne wajen sauya halin abin, daga daskararre zuwa ruwa, daga ruwa zuwa tururi. Black ya kira shi ɓoyayyen zafi.

Yawansa ba kaɗan ba ne. Zafin da ake bukata a narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri sifili zuwa digiri 80. Na mayar da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa tururi kuwa ya ninka wannan kusan sau bakwai. Shi ya sa dunƙulen ƙanƙara guda ke sanyaya bokitin zoɓo ko lemu lokacin shan ruwa, abin da ruwan sanyi mai nauyinsa ba zai yi ba. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, domin tururin yana sauke wannan ɓoyayyen zafi a kan fata lokacin da yake komawa ruwa. Ruwan randa da na tulu ma da haka suke yin sanyi: ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa a iska, yana tafiya da zafin da ya ciro daga na ciki.

Lavoisier ya ga abin da za a yi da wannan. Tunda kowane kilo na ƙanƙara yana shan adadin zafi guda kafin ya narke, to ana iya mayar da zafi ruwa, a ɗora ruwan kan sikeli.

Na'urar ƙanƙara

A hunturun 1782 zuwa 1783 ya haɗa kai da Pierre-Simon Laplace, masanin lissafi da ya girme wa da shekara shida, suka ƙera na'urar. Siffarta kamar tukwane uku ne, wata cikin wata. A ta tsakiya, wadda kwandon waya ce, ake sa abin da ake son aunawa. Zagaye da ita akwai dakakkiyar ƙanƙara da ke shanye duk zafin da ya fito, ruwan da ya narke yana tsiyaya ta famfo zuwa wani mazubi. Zagaye na waje shi ma cike yake da ƙanƙara, aikinsa ya tare ɗumin ɗaki kada ya kai ga ta ciki, ruwansa kuma ta wata hanya dabam yake fita. A wancan zamani babu firiji, don haka sai lokacin tsananin ɗari aikin ke yiwuwa. Idan gari ya yi ɗumi dole su jira.

Da wannan na'ura suka auna yawan zafin da ƙarfe da gilashi da zaiba ke riƙewa, da wanda ke fitowa idan an gauraya wasu sinadarai da ruwa, da na abubuwan da ke cin wuta. Sun samu cewa ruwa mai digiri 60 a ma'aunin Réaumur, wato digiri 75 a ma'aunin yau, yana narkar da ƙanƙara mai nauyinsa. Adadin da aka tabbatar daga baya 80 ne. Game da gawayi, lissafin Lavoisier ya nuna cewa awo ɗaya nasa yana narkar da awo 96 da rabi na ƙanƙara. Na'urorin zamani suna ba da wajen 98.

A watan Yuni 1783 suka gabatar wa Majalisar Masana rahotonsu kan zafi. A ciki suka kafa wata ƙa'ida da har yau ke ɗauke da sunayensu biyu: zafin da ya fita lokacin da sinadarai suka haɗu, shi ne daidai zafin da za a biya kafin a raba su. Dokar ta shafi sauyin hali ma. Abin da ƙanƙara ta sha kafin ta narke, shi ruwa zai mayar kafin ya daskare. Wannan tunanin ɗan kasuwa ne mai littafin shiga da fita, kuma shi Lavoisier ya saba da shi a ofishin haraji. Daga nan reshen kimiyyar da ke nazarin zafi a haɗuwar sinadarai ya samo tushe. A 1840 Germain Hess, a birnin Saint-Pétersbourg na Rasha, ya faɗaɗa ƙa'idar, ya nuna cewa jimillar zafin ba ta sauyawa ko an bi hanya guda ko an bi matakai da yawa.

Ɓeran Masar a cikin ƙanƙara

Gwajin da ya fi shahara shi ne wanda suka yi da ɓeran Masar. Sun sa dabbar a kwandon tsakiya har awa goma, zafin jikinta ya narkar da ƙanƙara kusan giram 400. A wani gwaji dabam suka auna yawan iskar kabon, wadda ɗalibai suka sani da CO2, da irin wannan dabba ke fitarwa a numfashi cikin awa goma. Sannan suka lissafa zafin da gawayi zai bayar idan aka ƙona shi har ya fitar da wannan adadi na iskar. Alƙaluman biyu sun zo kusa da juna, na dabbar ya ɗan fi yawa, suka danganta bambancin da sanyin da jikinta ya yi a cikin na'urar.

Hukuncin da suka yanke shi ne cewa numfashi ƙonewa ce, irin ta gawayi, sai dai a hankali take tafiya ba tare da harshen wuta ba. Ɗumin jikin ɗan Adam, wanda likitoci suka shafe ƙarnoni suna ɗauka wani sirri ne na rai, ya zama abin da ake iya aunawa. A lissafin yau, mutumin da jikinsa ke ƙona kilokalori 2000 a yini yana fitar da zafin da zai narkar da ƙanƙara kilo 25.

Wajen 1790 Lavoisier ya koma kan mutum. Wani matashin abokin aikinsa, Armand Seguin, ya yarda a rufe masa fuska da wani abin shaƙa, ana auna oksijin ɗin da yake sha yana zaune, yana cikin sanyi, bayan ya ci abinci, da kuma lokacin da yake taka wani feda da ƙafa. Marie-Anne na gefe tana rubutu, ita ta bar zanen wannan zama. Sun ga shan oksijin yana ƙaruwa da sanyi, yana ƙaruwa da narkar da abinci, aikin ƙarfi kuma yana ninka shi fiye da sau biyu. Lavoisier ya bayyana jiki a matsayin inji mai abubuwa uku da ke daidaita shi: numfashi na samar da zafi, gumi na kwashe wanda ya yi yawa, abinci na mayar da abin da aka ƙona. Duk wanda ya yi aikin gini ko dako a watan Afrilu a Tawa ko Agadas ya san na biyun a jikinsa. Lita ɗaya ta gumi idan ta bushe a fata tana tafiya da fiye da kilokalori 500.

A rahoton nasu ya tsaya kan wani abu da ya dame shi. Talaka mai cin guminsa shi ne jikinsa ya fi ƙona abinci, shi ya fi bukatar ƙoshi, amma shi ne mai ƙarancin abin sawa a baki, mai zaman hutu kuma ga shi da yalwa. Mutumin da ya rubuta wannan yana cikin masu cin ribar harajin gishiri.

Inda ya yi kuskure

Lavoisier ya auna zafi da kyau, amma bai gane ainihin abin da zafi yake ba. A rahoton 1783 shi da Laplace sun kawo ra'ayi biyu: ko zafi wani abu ne mai malala kamar ruwa, wanda ba a gani kuma ba shi da nauyi, ko kuwa motsin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu ne. Ba su zaɓi ɗaya ba, domin lissafinsu na tafiya da kowanne. Shi dai Lavoisier ya karkata ga na farko, aka raɗa wa abin suna kalorik. A littafinsa na 1789, Traité élémentaire de chimie, ya jera sinadarai 33 da yake ganin ba a iya tsaga su, ya sa haske da kalorik a sahun gaba.

Duk da haka, ra'ayin ya kai shi ga wata gaskiya. Ya koyar da cewa zama daskararre ko ruwa ko iska ba ɗabi'ar abu ba ce ta dindindin, hali ne da ya danganta da yawan zafin da ke cikinsa da kuma matsin da ke kansa. Gas ɗin girki da ke zaune kamar ruwa a cikin tukunyarsa, ya fito iska, har jikin tukunyar ya yi sanyi idan ana jan sa da yawa, misali ne na wannan. Ya kuma zaci a huhu ake ƙonewar numfashi. Daga baya aka gano cewa a ƙwayoyin halittar jiki duka take faruwa, jini ne ke kai musu oksijin.

Ganuwa, gaba da kotu

A 1784 aka soma gina ganuwa mai tsawon wajen kilomita 24 kewaye da Paris, bisa shawarar da Lavoisier ya bayar, don a toshe hanyar masu shigo da kaya ba tare da biyan duwan ba. Mutanen birni suka ce an sa su a kurkuku, an tare musu iska. Kwanaki kaɗan kafin a fasa gidan yarin Bastille a Yulin 1789, jama'a suka cinna wa ƙofofin ganuwar da dama wuta.

Lavoisier bai ƙi sauyi ba. Ya rubuta rahotanni kan gyaran gidajen yari da asibitoci, ya gwada sabbin dabarun noma a gonarsa ta Fréchines kusa da Blois, ya kuma ba da rancen kuɗin sayen hatsi lokacin yunwar 1788. Bayan juyin juya hali ya yi aiki a kwamitin da ya tsara mita da kilo, ma'aunan da ake ciniki da su yau a kasuwannin duniya. Amma yana da maƙiya. Jean-Paul Marat, wanda Majalisar Masana ta yi watsi da bincikensa kan wuta a 1780, ya zama ɗan jarida mai faɗa a ji, kuma a 1791 ya yi ta caccakar Lavoisier a jaridarsa kan ganuwar da kuma dukiyarsa.

An rusa Ferme générale a 1791, aka rufe Majalisar Masana a Agustan 1793. A watan Nuwamba aka ba da umarnin kama tsofaffin masu karɓar harajin. Lavoisier ya ɓuya ƴan kwanaki, sannan ya miƙa kansa. A tsare ya shafe watanni yana shirya lissafin kare kansu daga tuhumar wawure dukiyar ƙasa da zuba wa taba ruwa don ƙara mata nauyi. Kotun ba ta tsaya duba alƙaluman ba. Akwai labarin da ya yaɗu cewa alƙalin ya ce jamhuriya ba ta bukatar masana, amma masu binciken tarihi ba su samu wannan magana a takardun shari'ar ba. Masanan da suka yi aiki da shi shekara da shekaru, waɗansunsu suna da muƙami a sabuwar gwamnati, ƙalilan ne suka buɗe baki. An jefa gawarsa a kabarin bai ɗaya. Masanin lissafi Lagrange ya yi juyayin cewa ƙiftawar ido ta isa a sare wannan kai, amma shekara ɗari ba lalle ta samar da irinsa ba. Ba a cika wata uku ba Robespierre, jagoran mulkin ta'addancin, ya faɗi, shi ma aka kai shi giyotin.

Abin da ya biyo baya

Marie-Anne ta rasa uba da miji a yini ɗaya. An ƙwace dukiyarsu da kayan gwaje-gwaje, ita ma an tsare ta fiye da wata biyu. Da al'amura suka lafa ta yi ta fafutuka har aka mayar mata da kayan, ta tattara rubuce-rubucen mijinta na ƙarshe ta raba wa masana.

A 1805 ta auri Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, haifaffen Amurka. Shi ne a 1798, yana kula da huda bututun igwa a birnin Munich, ya nuna cewa gogayyar ƙarfe da ƙarfe na fitar da zafi ba iyaka har ta tafasa ruwa, abin da ya sa ya ce zafi motsi ne, ba wani abu ne da ke maƙare cikin ƙarfe ba. Wato mijinta na biyu shi ne babban mai rusa ra'ayin kalorik na mijinta na farko. Auren bai yi daɗi ba, suka rabu bayan ƴan shekaru. Ta ƙi sakin sunan Lavoisier har ta rasu a 1836.

A shekarun 1840 Baturen Ingila James Joule ya auna yawan aikin da ke zama zafi, aka tabbatar cewa zafi nau'i ne na makamashi, kalorik ya fita daga littattafai. Hanyar awon da Lavoisier da Laplace suka buɗe kuwa ta ci gaba. Da irinta ake tantance ƙarfin fetur da gawayi da gas, da zafin da siminti ke fitarwa yayin da yake kamawa, da adadin kalori da ake rubutawa a jikin fakitin abinci, har da abincin da ake ba yaran da tamowa ta kama a cibiyoyin lafiya. Na'urar ƙanƙarar da suka yi aiki da ita tana nan ajiye a gidan tarihi na Arts et Métiers a Paris, tare da sikelinsa da sauran kayan da matarsa ta karɓo daga hannun gwamnati.